Rasuwar Malam Mika'ilu Mai Fiɗa da Kwalaben da Muka Bar Masa a Rumbu

Cikin alhini, da kuma kunyar da ta fi alhinin nauyi, Ƙungiyar Malamai da Ɗalibai Masu Nazarin Tayi da Siffar Dabbobi, Reshen Kano, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Shehun Malami Farfesa Alhaji Isyaku Jumma, ke sanar da mambobinta na gida da na waje, da Mai Girma Sarkin Fawa da ɗaukacin mahautan kasuwar Ɗambatta, da sauran al'ummar Musulmi, cewa ta samu labarin rasuwar abokin aikinta, kuma malaminta in za a faɗi gaskiya, Malam Mika'ilu Mai Fiɗa na ƙauyen Unguwar Marke, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin ranar Laraba ta biyu a watan Safar, yana da shekara hamsin da takwas, bayan kwana uku yana jinyar dukan da maƙwabtansa suka yi masa a ƙofar gidansa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya bar mata ɗaya, Malama Huseina, da 'ya'ya mata uku.

Mun rubuta cewa mun samu labari ne domin haka aka saba buɗe irin wannan takarda. Labarin ya iske mu tun ranar da abin ya faru, yau kuma kwana talatin da tara da rasuwarsa, kuma a duk tsawon kwanakin nan bakin wannan Ƙungiya mai farfesa huɗu da dakta goma sha ɗaya bai buɗe ba. A cikin kwanakin ne bidiyon rumbunsa ya zaga wayoyin mutane daga Ɗambatta har Dawanau, da rubutu a ƙasansa wai asirin matsafi mai tara 'ya'yan mutane a kwalba ya tonu. A cikinsu ne kuma Malama Huseina da 'ya'yanta suka bar gidansu daga su sai kayan jikinsu, suka raɓe a ɗakin ƙaninta a Bacirawa, alhali gonar geron da marigayin ya nome da hannunsa tana can tsaye tana shirin nuna, kuma ita ce kaɗai abincinsu na shekara. Da muka je mata gaisuwa a makare, abu guda ta roƙe mu. Ta ce, "Dakta, ni dai ku je ku wanke Malam a gaban mutanen nan, in samu in koma in girbe geronmu kafin ya lalace." Wannan takarda bayani ce na abin da muka yi game da roƙonta, da kuma abin da muka yi kafin nan.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, muna nazarin yadda Allah ke shimfiɗa siffar dabba a cikin mahaifa, mataki bayan mataki, da yadda siffofin suka sassauya tsawon zamani har akuya ta zo da kofato, jemage ya zo da fiffike, ɗan Adam ya zo da yatsu biyar, alhali jerin ƙasusuwan da ke ciki kusan iri ɗaya ne. Ba a yin wannan karatu da littafi kaɗai. Sai an samu 'yan tayi na kwanaki daban-daban an jera su an duba, kuma inda ake samun su shi ne mayanka, a cikin dabbar da aka yanka da ciki. Shekara goma sha shida da suka wuce, ni mai sa hannu a wannan takarda ina ɗalibin digiri na biyu, na yi ta zagaya mayankar Ɗambatta da bokiti a hannu, mahauta suna yi mini dariya suna cewa ga ɗan boko ya zo yin rububin abin da ake jefa wa karnuka. Malam Mika'ilu ne ya goge wuƙarsa, ya ja ni gefe, ya tambaye ni me nake nema. Da na gaya masa, ya tsaga wata mahaifa a hankali, ya ɗora mini wani abu mai girman ƙwayar dabino a tafin hannu, ya ce, "Wannan kwana talatin da biyar ne. In ka dawo mako mai zuwa ka zo da abin zubawa mai murfi, ba bokitin wanka ba."

Tun daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa saɓa mana ranar kasuwa ba. Ya gaji fiɗa daga mahaifinsa, kuma yakan taɓa mahaifa da yatsu biyu ya faɗi kwanakin cikin, mu kuma mu koma ɗakin gwaje-gwaje mu auna, mu buɗe jadawali, mu dawo bayan mako mu tarar bai kuskure da fiye da kwana biyu ba. Shi ya fara nuna wa ɗalibanmu, tun kafin su gani a madubin ƙara girma, cewa tayin akuya na wata guda ba shi da kofato, hannunsa shimfiɗaɗɗe ne kamar bakin ƙaramin cokali, sai daga baya yatsu biyu su yi girma su zama kofato, biyu su tsaya a baya. Yakan ɗaga ƙafar akuya ya nuna musu 'yan ƙananan nan biyu da ke bayanta ya ce ga yatsun da suka makara. Ba ya ragar wa kowa a kan aiki. Akwai ranar da wani babban Farfesanmu ya karɓi wuƙa don ya nuna wa ɗalibai yadda ake yi, Malam Mika'ilu ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan riƙon na yankan albasa ne." Kundin digiri goma sha tara da maƙalu masu yawa a mujallun ƙasashen waje sun fito daga abin da hannunsa ya ciro. Mun bincika su duka a wannan mako. Sunansa bai fito a ko ɗaya ba, sai dai layi guda a ƙarshen wasunsu inda muke godiya ga "mahautan yankin".

Kowa ya san irin shekarun da muke ciki tun da aka janye tallafin mai, kwanon gero ya gagari mai iyali. A ƙauyukanmu akuya dukiyar mace ce. Ita ke ba ta dusa, ita ke ɗaure ta a turke, ita ce kuma ke da iko da sayar da ita, kuma a lokacin wadata babu macen da za ta kai akuya mai ciki mayanka. A shekara biyun nan mata sun kai, saboda babu abin ɗorawa a murhu. Abin da Malam Mika'ilu ya tara mana a cikinsu ya fi na shekara goma sha huɗun baya in an haɗa. A rahoton Ƙungiya na bara mun kira ta shekara mai albarka, kuma babu wanda ya nemi a gyara wannan jimla a lokacin da aka karanta ta a taro.

Sai malaman jami'a suka shiga yajin aiki, aka garƙame ɗakin gwaje-gwajenmu, motar sashe kuma ta zauna babu mai. Maimakon mu dakatar da aikin, sai muka aika wa marigayin jarkokin fomalin, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, da kwalabe katan-katan, muka ce ya ci gaba da tarawa ya ajiye mana a wuri mai duhu da sanyi inda yara ba za su kai hannu ba. Rumbunsa na ƙasa ya zama wayam tun kafin faɗuwar ruwa, kamar na kowa, don haka muka ce a zuba a ciki. Muka tura mai walda daga birni ya yi masa ƙofar langa-langa, ya ɗana mata ƙaton kwaɗo. A cikinmu, masu digiri uku-uku, babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa abin da kwaɗo a jikin rumbu yake nufi a ƙauyen da ake wuni a kan dafaffen ganyen tafasa. Shi ya sani. Sau uku yana aiko mini da saƙon murya yana cewa, "Dakta, mutane sun fara kallon rumbun nan, don Allah ku zo ku kwashe kayanku." Sau uku ina ce masa ya ƙara haƙuri sai an janye yajin aiki.

Akwai kuma maganar takardar da ake mannawa a jikin kwalba, kuma wannan laifina ne ni kaɗai, domin ni na tsara ta. Ƙa'idar aikinmu ce a san garken da kowane tayi ya fito, saboda in an ga wata nakasa a iya komawa a duba abin da uwar ta ci da irin bunsurun da ya barbare ta. Don haka na umarci Malam Mika'ilu ya riƙa rubuta sunan mai dabbar da kwanakin cikin. Jinsin dabbar kuwa ba ma rubuta shi, da launin murfi muke gane shi: ja na akuya, shuɗi na tunkiya, fari na saniya. Wannan tsari ya yi mana sauƙi ƙwarai a kan kantar ɗakin gwaje-gwajenmu, kuma duk duniya ba mu fi mu ashirin da muka san shi ba. Na kuma dage a yi rubutun da Hausa ɓaro-ɓaro, har ina alfahari da hakan a tarurruka. Sakamakon shi ne kwalba ɗari biyu da goma sha huɗu a cikin rumbun wani talaka, yawancinsu ɗauke da sunan mace da kwanakin ciki, kuma babu ko guda da aka rubuta kalmar akuya a jikinta.

A farkon damina wata matashiyar mata a Unguwar Marke, Malama Furera, matar Malam Nababa, ta yi ɓarin cikin wata biyu, ungozoma ta binne a bayan ɗaki kamar yadda aka saba. A makon da take kwance ne jar akuyarta mai farin goshi ta ɓace daga turke. Mijinta ya ce mata ɓarayi ne. Gaskiyar ita ce shi ya kwance ta da sassafe ranar kasuwa ya kai ta Ɗambatta, ya dawo da gero ya ce wani aboki ne ya taimaka masa. Ba mu ce yunwa ba ta matsa masa ba. Akuyar ta faɗo hannun Malam Mika'ilu wajen fiɗa, ya gane ta domin maƙwabta ne, ya sami tayi a cikinta, ya kuma rubuta sunan mai ita ta gaskiya kamar yadda na koya masa: Furera matar Nababa, kwana talatin da biyar.

Ranar Lahadi, ana tsakiyar marka, marigayin yana kasuwa, wasu samari suka ɓalle ƙofar rumbun bayan azahar suna neman hatsin da suka haƙiƙance ya ɓoye. Warin fomalin ya buge su, idanunsu suka cika da hawaye, nan take aka ce sihiri ne. Aka fito da kwalaben rana. Duk wanda ya taɓa ganin tayin akuya na wata guda ya san kamanninsa: ƙaton kai a sunkuye, ɗigon ido baƙi, 'yan hannaye a naɗe a ƙirji. A wannan mataki ko ɗalibinmu na shekarar farko ba ya iya bambanta shi da na ɗan Adam sai an nuna masa, kuma wannan kamannin shi ne ainihin abin da muke nazari a kai. Wani mai iya karatu ya hau kan turmi ya dinga karanto sunaye, sunayen matan garin da na ƙauyukan kewaye. Wasu matan sun fara cewa ai sun sayar da akuya, amma kafin maganarsu ta yi nisa aka kai ga kwalbar Malama Furera, wadda kowa ya san ta yi ɓari. Aka kira ungozoma, ta duba, ta ce wallahi haka wanda ta binne yake.

Da la'asar Malam Mika'ilu ya sauko daga mota da jakar wuƙaƙensa ya tarar da gari a ƙofar gidansa. Waɗanda suka ba mu labari sun ce bai gudu ba, bai kuma taɓa jakar ba. Ya ce, "Jama'a, wallahi akuya ce. Furera, akuyarki ce, ja mai farin goshi." Ita kuwa tana kuka ta ce, "Baba Mika'ilu, akuyata sace ta aka yi, ban sayar wa kowa ba." Gaskiya ta faɗa iyakar saninta, kuma wannan gaskiyar ce ta mayar da shi ɓarawo ko maƙaryaci a idon taron. Ya juya ya dubi mijinta ya ce, "Nababa, gaya musu mana." Malam Nababa ne ya fara kai masa duka da ƙotar fartanya, sauran suka rufe shi.

A daidai wannan lokaci Malama Huseina ta kira wayata sau bakwai. Ina zaune a walimar ƙarin girma da aka yi wa ɗaya daga cikinmu, wanda rabin maƙalun da suka kai shi kujerar Farfesa daga kwalaben Malam Mika'ilu suka fito. Na ga sunan a kira na uku, na ɗauka maganar kwashe kaya ce aka sake tasowa da ita, na kife wayar a kan tebur na ci gaba da cin shinkafa. A cikin wannan wayar akwai saƙon muryar da marigayin ya aiko mini ranar da aka yanka akuyar, domin al'adarsa ce duk ranar kasuwa ya gaya mini abin da aka samu da wanda ya kawo shi. Da na ɗauka, da na sa musu sun ji a minti guda. Ina faɗin wannan ne domin tun ranar ban ƙara jin daɗin abinci ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in ji ba.

Washegari Majalisar Zartarwar Ƙungiya ta yi zaman gaggawa, a lokacin Malam Mika'ilu yana raye a gadon asibiti. Masu girma shugabanninmu suka yi nuni da cewa dama ana raɗe-raɗin muna koya wa 'ya'yan mutane wai daga biri aka samo ɗan Adam, kuma in sunan Ƙungiya ya shiga wannan bidiyo ɗalibanmu za su shiga haɗari, abokan aikinmu na ƙasashen waje kuma za su janye jiki. Mai Girma Shugaba ya ba da shawarar a yi shiru sai ƙura ta lafa. Ɗaliba guda, Malama Murja Sama'ilu, ta miƙe ta ce mu ji tsoron Allah, mutumin nan namu ne, aka tunatar da ita cikin ladabi cewa ɗalibai ba su da ƙuri'a a Majalisa. Duk muka ɗaga hannu, har da ni. Malama Huseina ta gaya mana cewa a kwana ukun nan duk sa'ad da ya farfaɗo tambaya biyu yake yi, ko Dakta ya zo, da kuma ko an fasa kwalaben duka. Ranar Talata ya ce mata, "A gaya wa Dakta akwai ta kwana ashirin da takwas a can ƙurya, ba mu taɓa samun irinta ba." An riga an farfashe su duka an tura ƙasa a kai tun ranar Lahadin.

Da ya rasu, mutanen Unguwar Marke suka aiko cewa kada a kawo musu shi maƙabartarsu. A Bacirawa aka binne shi. Mutum tara suka yi masa salla, shida daga cikinsu mahautan Ɗambatta ne da suka rufe rumfunansu suka biyo Sarkin Fawa da kayan aikinsu a jiki. Daga wannan Ƙungiya babu ko mutum ɗaya. Maganar hukunci a kan waɗanda suka ɗaga hannu suka dake shi tana gaban hukuma, ba za mu riga ta magana ba, ba mu kuma da fuskar da za mu riga ta.

Shekaranjiya Juma'a, bayan Majalisa ta gamsu cewa ƙura ta lafa, tawagarmu ta je Unguwar Marke tare da Sarkin Fawa, da akuya mai cikin wata guda da 'yan kwanaki wadda shi ya zaɓo mana, Allah Ya yafe mana yanka ta da muka yi da gangan. Bayan an idar da salla, da izinin Mai Unguwa da Malam Liman, aka yanka ta a ƙofar masallaci. Sarkin Fawa ya tsaga mahaifar ya ɗora abin da ke ciki a kan faranti, muka ajiye waya a gefe da hoton kwalbar da ke cikin bidiyon, mutane suka dinga zuwa ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa. Aka aika a kira ungozoma. Ta duba farantin, ta duba hoton, ta rufe baki da mayafi ta koma gida. Daga nan Malam Liman ya yarda na kara wayata a bakin lasifikar masallaci, yadda matan da ke cikin gidaje ma za su ji, muryar marigayin ta fito:

"Salamu alaikum, Dakta, ya aiki? Yau an samu uku. Biyu tumaki ne na Fulani, ɗaya kuma jar akuyar Furera ce mai farin goshi, Nababa ne ya kawo ta da sassafe, ya ce kada a gaya wa kowa, to kai dai aiki ne ya sa na gaya maka. Kwana talatin da biyar nake gani. Ya fito lafiya lau, ko ƙwarzane babu, za ka ji daɗinsa. Na rubuta sunan mai ita yadda ka ce. A gai da yara."

Wanda ya fara magana wani dattijo ne a sahun gaba, ya dube mu da manyan rigunanmu ya ce, "To, ai da kun faɗa tun farko." Mai Unguwa ya ce haka Allah Ya ƙaddara, a yafi juna, ya kuma ce Malama Huseina ta dawo duk ranar da ta ga dama, gidanta ne, shi bai san wanda ya kore ta ba. Sai wani daga baya ya tambayi yadda za a yi da naman. Aka kasa shi kashi-kashi a kan buhu, aka raba gida-gida, kuma Malam Nababa, wanda ya zagaya bayan masallaci lokacin da muryar ke tashi, ya dawo ya karɓi kason gidansa. A duk garin mutum ɗaya ce ta tambaye mu inda kabarinsa yake. Malama Furera ce, ta tare motarmu da ƙunshin kayanta a ka, za ta gidan iyayenta.

Kafin mu taso muka nemi a nuna mana gonar marigayin, don mu iya gaya wa iyalinsa kwana nawa ya rage a yi girbi. Kowa ya tuna yana da uzuri. Sarkin Fawa ya san hanya, shi ya kai mu. Mun tarar an girbe ta ƙaf, daga wannan iyaka zuwa waccan, tun fiye da mako guda, tun geron bai gama ƙosawa ba. An kwashe kara, an tuge waken da ke tsakanin kunya har da harawarsa. Da muka koma muka tambayi Mai Unguwa, ya ce tsuntsaye ne, bana sun yi yawa. A shekarun da wannan Ƙungiya ta shafe tana nazarin siffar dabbobi ba ta taɓa cin karo da tsuntsun da ke riƙe magirbi ya kuma ɗaure dami ba. Mutanen da suka ƙi taɓa randar gidansa, suka hana 'ya'yansu bin ta ƙofarsa don tsoron tsafi, ba su ga tsafi a jikin geronsa ba.

A zamanta na jiya da safe, Majalisar Zartarwa ta amince, babu hamayya, a sanya wa babbar kantar ajiyar tayi ta ɗakin gwaje-gwajenmu sunan Malam Mika'ilu Mai Fiɗa idan an buɗe ɗakin, a kuma riƙa rubuta jinsin dabba a jikin kowace kwalba daga yanzu. Ta kuma umarce ni in miƙa godiyarta ga Mai Girma Sarkin Fawa da mahautan Ɗambatta, waɗanda suka yi wa ɗan'uwansu abin da muka kasa. Muna roƙon duk wanda bidiyon nan ke cikin wayarsa ya goge shi, in kuma ya taɓa tura wa wani, ya bi shi da wannan takarda. Malam Mika'ilu ba matsafi ba ne. Mahauci ne mai tsoron Allah, mai salla a sahun farko, wanda wasu 'yan boko suka sa shi aiki suka kuma bar shi shi kaɗai. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya karɓi shahadarsa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ya raya 'ya'yan da ya bari a kan tafarkin gaskiya irin tasa.

Saura magana guda, kuma ta Malama Huseina ce. Jiya bayan zaman Majalisa mun je Bacirawa, mu shida har da Mai Girma Shugaba, muka gaya mata an wanke Malam a ƙofar masallaci, kuma Mai Unguwa ya ce ta koma. Ta yi hamdala, ta yi kuka, ta sa mana albarkar da ba mu cancanta ba. Ta nuna mana buhuna huɗu da ta roƙo a maƙwabta ta naɗe a bakin ƙofa, ta ce jibi in an yi addu'ar arba'in za su kama hanya ita da 'yan matan. Sannan ta dube ni ta ce, "Dakta, kun ga gonar kuwa? Geron ya nuna?" Na ce mata ya nuna. Mai Girma Shugaba ya duba agogonsa, muka yi sallama muka fito, kuma a cikin mota aka yanke shawarar cewa ya fi dacewa a sanar da ita a rubuce.

Don haka, Malama Huseina, a madadin Shugaba da ɗaukacin mambobin wannan Ƙungiya, ko a rediyo kika ji wannan takarda ko babbar 'yarki ce ke karanta miki, muna sanar da ke cewa babu gero. Ko zangarniya ɗaya ba su bari ba. Ki mayar wa masu buhuna buhunansu. Allah Ya ba ki haƙurin jure wannan ma, Ya kuma isar miki a kan duk wanda ya zalunce ki, har da mu.

Sa hannu:
Dakta Basiru Talle Bacirawa,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Malamai da Ɗalibai Masu Nazarin Tayi da Siffar Dabbobi, Reshen Kano.